Lissafin gwauro aka ba ka, kai kuma mai iyali ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina da tebur ina sayar da shadda da yadi da atamfa, jarina zai kai kamar miliyan 9. Kasuwa ta yi sanyi wallahi. Yayan matata ya kai shekara shida a Abuja yana harkar labule a wajen Wuse, shi ne yake ta ce min in tattaro in koma can, wai shaddar da nake cin 2,000 a kanta a can sai in ci 7,000 kuma ba a tsayawa dogon ciniki. Na tambaye shi tsadar rayuwa ya ce surutun mutane ne kawai, shi dubu 120 take isarsa a wata har da canji. Iyalinsa suna nan Kano, duk wata yake zuwa. Ni ina da mata ɗaya da yara huɗu, uku suna makaranta, muna zaune a gidanmu na gado a Gwammaja tare da mahaifiyata, kuma ina da 'yar gona a wajen Bichi ƙanena yake nomawa. So nake in sayar da gonar in haɗa in kama shago da gida in tafi da iyali bayan babbar sallah. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai amsarka tana cikin saƙonka, kai ka rubuta ta da hannunka ka wuce ko waiwaye ba ka yi ba. Iyalinsa suna nan Kano. To mutumin da ya shekara shida a Abuja, yana cin irin ribar da yake ba ka labari, har yau bai ɗauke matarsa da 'ya'yansa ba, shi ne zai ce maka ka kwashi naka ka tafi kai kuma ka fara neman mai sayen gona? Ka taɓa tambayarsa shi me ya hana shi?

Ba cewa nake ƙarya yake maka ba fa. Dubu 120 tana iya isarsa tsaf, na san irin zaman. Su uku ko huɗu a ɗaki ɗaya a Mararaba ko Nyanya, kowa da katifarsa da butarsa da jakarsa a rataye jikin ƙusa, kuɗin haya a raba, da safe shayi da burodi wajen mai shayi, da rana garau-garau ko shinkafa da miya a bakin kasuwa, da dare indomi da ƙwai a kwanta. Ba gas, ba omo, ba pampas, ba kuɗin makaranta, ba yaron da zai tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare. Kuma ina tabbatar maka a cikin dubu 120 ɗin nan bai saka abin da yake turo wa gidansa na Kano ba, don shi a kansa wancan kuɗin Kano ne ba na Abuja ba. Gida biyu yake ciyarwa ya faɗa maka kuɗin ƙaramin. Kai kuma ka ɗauki lissafin cikin mutum ɗaya ka ɗora wa mutum shida.

Abin da ya sa ka yarda da sauri kuwa shi ne kai kanka ba ka san nawa gidanka yake ci ba. In na tambaye ka yanzu nawa kake kashewa a wata za ka ce min "ai ba yawa, Allah yana rufa asiri", don kullum da safe hannu kake sawa a aljihu ka ba da na cefane, da yamma ka zari wani a cinikin ranar, ba a rubuta ko ɗaya. Bayan haka rabin abin da gidanka yake ci ma ba kuɗi kake sawa ba. Haya ba ka biya, gidan gado ne. Gero da dawa da wake daga Bichi ake kawo maka. Matarka in za ta unguwa ko asibiti Hajiya tana nan ta riƙe yara. In ta haihu danginta da naka su ne wanka su ne girki. Mai kantin layinku ya san ka tun kana yaro, in ka ce a ba yara sukari da madara sai ƙarshen sati ba zai ko ɗaga kai ba. Duk waɗannan ba za su shiga mota su bi ka Abuja ba, kowanne a can sai ka saya, wasu ma da kuɗin ba a samu.

Mu fara da haya tunda ita ce take fara karya mutum. A can ba wata-wata ake biya ba, shekara ce cur a dunƙule, wasu masu gidan ma biyu suke nema a karon farko. Kan wannan akwai na ejan, yawanci kashi 10, akwai na lauya shi ma kamar haka, akwai wani da suke cewa koshon wai ajiya ce ko za ka lalata wani abu, ka ɗauka kawai sadaka ka yi. Mu ƙaddara ka samu mai ɗaki biyu da falo a bayan gari kan miliyan 1.2, kafin ka shimfiɗa tabarma miliyan ɗaya da rabi ta tafi, ba ka sayi labule ba, ba ka biya motar da za ta ɗauko kaya ba, ba a zo maganar shago ba wanda shi ne babban dodon. Kuma cikin gari kar ma ka sa rai, Wuse da Garki da Utako ba na mai jarin miliyan 9 ba ne. Inda za ka ƙare shi ne Mararaba ko Masaka, waɗanda ma jihar Nasarawa ce, ko Suleja da Madalla a jihar Neja, in ka yi ƙoƙari Kubwa ko Dei-Dei. Wato in ba Kubwa ko Dei-Dei ka samu ba, Abuja za ka riƙa zuwa aiki kawai, kwana a wata jihar.

Daga nan sai kuɗin mota. Yau daga Gwammaja zuwa Kwari a daidaita sahu ɗaya ne, ranar da ba ka ji nauyin jiki ba ma ka taka da ƙafa. Daga Masaka zuwa Wuse kuwa hawa biyu ko uku ne, ka fita bayan asuba ka shiga gosulon Mararaba da Nyanya har mahaɗar AYA ta shiga cikin gari, da yamma ka sake shan irinsa, kullum, kwana shida a sati. Acaɓa an hana shi a tsakiyar birnin tun 2006, a daidaita sahu ma ba ko'ina aka bari ya shiga ba, ga fargabar 'yan wan-cans, ɓarayin da suke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, in ka shiga motar da ba ka sani ba don neman sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000, kuma wanda ya fi jin wannan a jikinsa shi ne wanda gidansa yake nesa da wajen nemansa. Kai yanzu kana cikin waɗanda abin bai dama sosai ba, kana neman ka kai kanka.

Cefane kuma ka yi hattara da abu ɗaya. In ka kira wani a can ka ce nawa shinkafa ya faɗa maka kuɗi kar ka yi murna, mudu yake nufi, mudunsu kuma bai kai kwanon Kano ba ko kusa. Ka tambayi buhu ko kilo. Hatsin da za ka ci a can da yawansa ta Dawanau ya bi, tumatur da attaruhu da albasa daga nan arewa ake lodinsu, kuɗin gas ɗin tirela da na kan hanya duk kai za ka biya a cikin kwandon. Gaskiya doya da manja da garin kwaki da lemo za ka iya samunsu da sauƙi tunda Binuwai da Nasarawa da Neja suna kusa, amma gidanka tuwo ake ci ko sakwara?

Wuta ka tambayi layin da gidan yake kai kafin ka biya. A watan Afrilu 2024 an ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato layukan da aka ce sun fi samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit, an ɗan rage daga baya amma yana nan sama da 200, mita kuma ba ta san gaisuwa ba. Ruwa a unguwanni da yawa na bayan gari kura za ka riƙa saya kamar dai nan, sai dai gidan haya ba rijiyar gado. Makaranta yara uku sau zango uku biya tara kenan a shekara, ban da Islamiyya, wadda a nan unguwa ɗan abin da kake bayarwa ka san bai taka kara ya karya ba.

Wanda kowa yake mantawa kuma shi ne hanya. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Sallah biyu, ga biki ga suna ga rasuwa, ku shida a mota zuwa da dawowa. Hajiya kuma tana Gwammaja, cinta da maganinta suna wuyanka kamar yadda suke, sai ma ƙari don yanzu tukunya biyu za a ɗora.

Akwai wani bawan Allah da na sani, takalma da jakunkuna yake sayarwa a Ƙofar Wambai, shi ma haka wani abokinsa ya zuga shi ya sayar da fili ya kwashi iyali suka tare a Masaka. Abin mamaki ciniki yana yi fa, ba wai kasuwa ta ƙi shi ba, ribar ma ta fi ta Kano. Amma kullum sai ya zari na mota da na cefane da na ruwa daga cikin ciniki, in ya zo sari sai ya ga kuɗin bai kai na wancan karon ba, ya ce wata mai zuwa zai cike. Da na leƙa shagon na ga kanta cike har sama na ce masha Allah, sai na miƙa hannu na ɗauko kwali ɗaya daga layin sama na ji shi sakayau. Layi uku na sama duk kwalaye ne ba komai a ciki, ya jera su don kar kwastoma ya ga shago ya rame. Da shekara ta zagayo mai gida ya ƙara haya mai shago ya ƙara, sai aka turo matar da yara Kano wai ganin gida, ganin gidan da ba a koma ba kenan. Yanzu dillanci yake yi a shagon wani, filin kuwa an gina shi an shiga.

Maganar cin 7,000 a shadda kuma, irin wannan zancen ya ishe ni wallahi, kowa a Abuja mai kuɗi ne a bakin wanda ya zo hutun ƙarshen wata da sabuwar waya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Masu kuɗin gaske suna da masu kawo musu kaya har gida, wasu ma daga Kwarin nan taku ake aika musu. Wanda zai tsaya gaban sabon shagonka ma'aikaci ne mai jiran albashi, zai ɗauka ya ce sai an yi biya. Amma bari mu yarda da lissafin nasa. Ƙarin ribar 5,000 ce a kan kowace. In gidanka a can ya fi na nan ci da dubu 300 a wata, kuma ina ganin zai fi haka in ka raba haya gida 12 ka zuba a ciki, to sai ka sayar da shadda 60 duk wata kafin ka dawo daidai inda kake yau. Ba a cire hayar shago ba, ba a cire na masu karɓar haraji ba. A Kwari 'yan sari suke ɗauka da yawa kuɗinka yana juyawa, a can ɗaiɗai za ka riƙa sayarwa, wata rana ka wuni ka yi ciniki biyu.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka sayi littafi na naira ɗari biyu ko uku ka ba matarka, wata biyu duk abin da ya shiga gidan a rubuta, har gishiri har ashana, har kwanon geron da aka ɗebo daga buhun Bichi a sa masa kuɗin kasuwa, don a can saya za ka yi. Sannan ka je Abujan kai kaɗai da littafin, kar ka tambayi yayan matarka komai, ka nemi magidanta biyu ko uku 'yan arewa masu yara kamar naka da suke zaune da iyalinsu a unguwar da kake tunanin kamawa, a masallaci za ka same su bayan isha'i, ka bi layi-layi ka ce wannan nawa yake a nan. Ka hau motar da za ka riƙa hawa a lokacin da za ka riƙa hawanta, ba ranar Lahadi da hanya take wayam ba.

In kuma kasuwar ce take ba ka sha'awa, ai ba sai ka tashi gida ba kafin ka gwada ta. Ware kayan miliyan ɗaya, ka samu mai shago a can ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, ko ka riƙa tallata su a WhatsApp kana aikawa ta tashar Unguwa Uku kamar yadda 'yan Kwari da yawa suke yi yanzu. Kar ka ba yayan matarka kayan ya riƙe, ba don ba shi da amana ba, don ranar da lissafi ya rikice ba ka da bakin tambayarsa sai an taɓa aurenka. In wata shida kayan suna fita kuɗi yana dawowa a kan lokaci, ka tafi kai kaɗai ka yi irin zaman da shi yake yi, iyali su biyo baya ranar da ribar can ta iya biyan hayar shekara ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba.

Gona kuwa ka cire ta daga lissafin nan gaba ɗaya. In tafiyar ba za ta yiwu ba sai an sayar da ita, to jarinka bai kai tafiyar ba tukuna. Kuma kafin ka sake kawo maganar sayarwa ka fara zama da ƙanenka da yake nomata, shi ma da ita yake ci da nasa gidan.