Wani haki ya tsiro min a bayan gida, namu ne ko baƙo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da ɗan lambu bayan ɗaki inda nake shuka yakuwa da kuɓewa, bana da muka zuba takin shanu sai ga wani haki ya fito wanda ban shuka ba, yanzu ya kai min ƙugu. Ganyenshi faɗi ne, in ka murza shi warinshi ba daɗi, furen fari dogo kamar kakaki kuma sai da yamma yake buɗewa, ɗiyanshi kuma ƙulalai masu ƙaya. Yara sai tsinka suke suna wasan ƴar tsana da su. Mi ne ne wannan, kuma namu na nan ne ko kawo shi aka yi? Daga wata uwa a Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai dan girman Allah ki hana yaran nan taɓa shi tun yau, domin duk siffar da kika bayar ta zakami ce, wanda wasu ke kira haukata yaro. Abu ɗaya da yake kama da shi wajen ƴaƴa masu ƙaya shi ne zurman, amma ganyen zurman a rarrabe yake kamar tafin hannu da yatsu kuma ba ya yin farin fure irin na kakaki, to wannan furen shi ya raba gardama. In kina so ki ƙara tabbatarwa ki ɗauki hoton ganye da fure da ɗan a waya ki nuna wa malamin gona.

Zakami dangin tumatir ne da gauta da taba, amma shi tun daga saiwa har fure guba ne, kuma ƴan ƙwayoyin da ke cikin ƙulalan nan sun fi komai haɗari. Yaron da ya ci za ki ga bakinshi ya bushe, jiki ya ɗau zafi ba gumi, baƙin idonshi ya buɗe, zuciya na bugawa da sauri, sai sambatu yana kama abin da babu. In haka ta faru kar a tsaya ɗura mishi manja ko madara ana jira a ga abin da hali zai yi, a wuce asibiti kai tsaye a tafi da ganyen likita ya gani.

Batun asali kuwa, masana tsirrai sun ce zakami daga yankin Meziko da Amurka ta tsakiya ya fito, sai dai ya daɗe da zama ɗan gari har ya samu suna a Hausa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, gyaɗa da rogo da barkono duk daga nahiyar Amurka suke, dogon yaro da zogale daga Indiya, namu na gado su ne irin su kuka da ɗorawa da kanya. Ni dai ba baƙuncinsa ne ya dame ni ba, zamansa a gidan da ke da ƙananan yara shi ne damuwata.

Ta yadda ya shigo, ina kyautata zaton takin nan ne, don zakami yana son bola da bakin garke, irinshi kuma yana iya shekaru a ƙasa bai mutu ba.

Ki sa leda a hannu ki tuge shi da saiwarshi kafin ƴaƴan su bushe su fashe, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ido, kar a ba awaki kuma kar a ƙona shi a tsakar gida saboda hayaƙin ma yana bugarwa. A haƙa rami mai zurfi nesa da lambun a binne. Baɗi da ruwa ya sauka ki riƙa leƙa wurin, za ki ga ƙananan sun fito, ki cire su tun suna ganye biyu.