Amsa ga mai Corolla da ke zafi a cunkoso: kar ka bari a cire tamostat tukuna

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce Corolla ɗinka ce ta 2008, 'yar Kwatano, allurar zafi na hawa idan ka shiga cunkoso, da ka hau babban titi kuma sai ta sauka, bakanike ya ce a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya ɗau zafi, a haɗa fanka kai tsaye. Ka dakata da wannan aikin. Na daɗe ina duba motata da kaina, kuma bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda za a fara nema.

Mota tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto. Tana tsaye, fanka kaɗai ke wannan aikin. Don haka zafin da ke zuwa a cunkoso ya tafi a kan titi, galibi fanka ce ko wani abu da ya toshe iska. Da a ce a kan titi take zafi, musamman a hawa, da lagireto mai toshewa ta ciki ko famfon da ke zagaya ruwa a injin (wata-famfo) zan fara zarga.

Da safe, kafin ka tayar da ita, buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa ya kai wuya. Duba robar murfin, in ta tsage ko ta bushe, canja shi. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Akwai lamba a kansa, 0.9 ko 1.1, ka sayi mai irin lambar naka. In injin da zafi kuwa, ko kusa kar ka taɓa murfin, tururin na saɓule fata.

Sai ka tayar, ka kunna esi, ka leƙa: ya kamata fanka ta fara juyawa nan take. In shiru, buɗe akwatin fiyus da ke ƙarƙashin bonet, zanen da ke cikin murfinsa zai nuna maka fiyus da rile na fanka, rile shi ne ɗan makunnin lantarkin da ke kunna ta. Fiyus da ido ake ganin ya ƙone. Rile kuma ka musanya shi da wani mai lamba ɗaya a akwatin ka gwada. In tana juyawa amma da kasala, motar lantarkin da ke juya ta ce ta gaji. Ka haska tocila tsakanin lagireto da na esi da ke gabansa, ƙurar hunturu da ledoji da ganye kan taru a wurin su daskare. Ruwan tiyo a hankali ya isa, mai ƙarfin nan na wurin wankin mota yana lanƙwasa haƙoran lagireto.

Yanzu batun tamostat. Maganar da ake yi wai don ƙasar sanyi aka yi shi ba haka take ba. A injin irin naka yana buɗewa ne a wajen digiri 82, don injin ya yi saurin kaiwa zafin da aka tsara masa ya zauna a nan. In aka cire, kwamfutar motar za ta daɗe tana ganin injin da sanyi, ta riƙa ƙara fetur, filogi ya yi baƙi, ka yi ta zarya gidan mai ba ka san dalili ba. Sannan idan ya buɗe yana rufe wata ƙaramar hanya da ruwa ke zagayawa cikin injin, in babu shi wani ruwan zafin zai riƙa komawa bai bi ta lagireto ba. Fanka kai tsaye kuma rufa-rufa ce, kamar shan maganin zazzaɓi ba a san ciwon ba, ga shi motar fankar za ta mutu da wuri. In kana shakkar tamostat ɗin, a ciro shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. In ya ƙi, sabo za a sa, ba a bar gurbinsa fayau ba.

Ruwan me kake zubawa? Na rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin gishiri a ciki. Kulan na gaske ake so, wato ruwan sanyaya injin, wanda aka riga aka haɗa, Toyota nata ja ne ko ruwan hoda.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka ajiye motar yau: in ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na ta tasowa a wuyan lagireto injin na aiki, ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan ta ɗau zafi, ruwa kuma na raguwa ba ɗigo a ƙasa. Wannan gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ba aikin gida ba ne, kuma kan injin alminiyom ne, zafi na karkatar da shi. Kafin ka gama binciken, in allura ta hau a hanya, kashe esi, kunna hita har ƙarshe, ka nemi gefe ka tsaya. Ka gwada fankar gobe da safe ka faɗa mana abin da ka gani.