Na yi ta shan kashi a Commander, shin in sayi katuna masu tsada?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Ingila, ina buga wasan kati na Magic: The Gathering a wani shagon katuna duk ƙarshen mako. A wasan mutum biyu ina taɓukawa da ƙunshina (tarin katunan da nake wasa da su) mai saurin kai hari. Amma tun da na koma salon wasan da ake kira Commander, na gasa, tebur na mutum huɗu, kullum ni ake fara fitarwa. Abokai sun ce katunana ne masu arha. Na tara kuɗin da ya kamata in biya haya da su, ina tunanin sayen ƙunshin da na gani a YouTube. Ina cikin damuwa, a ba ni shawara.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara biyan hayarka tukuna, sannan mu yi magana.

Matsalarka ta farko lissafi ce. A wasan mutum biyu makin rai 20 na abokin hamayya kake buƙatar cinyewa. A Commander kowa da 40 yake farawa, abokan hamayya kuma uku ne, wato 120 ke gabanka, kai kuma kati ɗaya kake ja a zagayenka yayin da su ukun suke jan uku. Ƙunshin da aka gina don ya zube komai a zagaye huɗu na farko numfashinsa zai ƙare kafin ya gama da mutum ɗaya. Shi ya sa a teburin gasa ba kasafai ake cin wasa da duka ba, da haɗin katuna ake ci. Akwai masu gaggawa da ake kira turbo, irin masu dogaro da katin Ad Nauseam, burinsu su gama tun zagaye na biyu ko na uku. Akwai 'yan stax masu ɗaure tebur da katuna irin Rule of Law da Drannith Magistrate. Sai na tsakiya, masu jan kati a hankali da irin su Rhystic Study suna jiran ƙofa ta buɗe. Ga wanda ke koyo, na tsakiyar nan nake zaɓa masa.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba ranar da ba na jin sa: wai kuɗin ƙunshi shi ne ƙarfinsa. Masu yaɗa wannan magana sanannu ne. Ko dai mai kati a hannu yana neman mai saye, ko mai bidiyo da ke sa hoton fuskarsa baki buɗe yana cewa ga ƙunshin da ba a iya dokewa. Babu irin wannan ƙunshi. A tebur na mutum huɗu masu ƙarfi ɗaya, rabonka wasa ɗaya ne cikin huɗu. Gwani ma ya fi yawan tashi ba nasara. Wanda ya ɓoye maka wannan ya nuna maka wasanninsa uku da ya ci, ciniki yake yi da kai.

Dubi haɗin da ya fi shahara a fagen nan. Ka sauke Thassa's Oracle, kafin ikonta ya zartu ka jefa Demonic Consultation, ka ambaci sunan katin da babu shi a ƙunshinka, duk katunanka su tafi, Oracle ta duba ta ga ba saura, ka ci wasa. Makamashi (wato abin da ake biya don sauke kati) uku kacal. Kowa a teburin ya san wannan, kuma kusan duk mai katuna masu launin shuɗi da baƙi yana da shi. To me ya raba mai ci da mai kallo? Lokaci. Wanda ya fara yunƙurin cin wasa shi ke shan Force of Will da duk wani katin sokewa da ke hannun mutum uku. Da sun ƙarar da makamansu a kansa, sai na kusa da shi ya sauke nasa haɗin ba mai ce masa uffan. Na sha ganin yaro da ƙunshi mai tsadar gaske ya yi wannan wautar a zagaye na biyu, wani mai katunan bugun firinta ya kwashe wasan a zagaye na uku. Ka ƙirga katunan ƙasa (masu ba da makamashi) da kowa ya bari a tsaye ba su juya ba, wato bai yi amfani da su ba, ka ƙirga katunan hannunsu, ka tuna wa ya riga ya kashe katin sokewarsa. Ba a sayar da wannan a shago.

Haka batun kashe katin wani. In ka ɓatar da Swords to Plowshares, katin kawar da halitta, a kan halittar da ta ba ka haushi kawai, kai ka yi asarar kati, shi ya yi asarar kati, sauran biyun sun ci riba suna zaune. Ka ajiye shi don abin da zai kashe wasan.

Masu cewa ai katin jari ne, ko ba ka ci ba za ka sayar, su tuna Satumbar 2024. Rana ɗaya kwamitin dokokin Commander ya haramta katunan Mana Crypt da Jeweled Lotus da Dockside Extortionist da Nadu, farashin ukun farko ya faɗi warwas. Rigimar ta yi muni har da barazana ga 'yan kwamitin, suka miƙa ragamar tsarin ga kamfanin Wizards of the Coast mai yin katunan wasan. Waɗanda suka zuga mutane su saya ba su mayar wa kowa ko fam ɗaya ba.

Gasannin Commander da yawa waɗanda ba na kamfanin ba suna karɓar katunan kwafi. Ka tambayi mai shagonku ƙa'idarsa. In ya yarda, ka buga ƙunshin nan na YouTube a takarda, ka sa a leda, ka yi wasa ashirin da shi, bayan kowanne ka rubuta zagayen da ka yi yunƙuri da wanda ya tare ka.