Allahn da na sani tun ina yarinya ya ɓace mini: na bar bangaskiya ke nan?

Tambaya: Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na tashi a gidan masu bi, kuma abin da na riƙe tun ina ƙarama shi ne, in mutum ya yi biyayya, ya yi addu'a, ya ba da zakka, Allah zai tsare shi da iyalinsa. Bara ƙanena ya kwanta rashin lafiya. Mun yi azumi, mun kwana muna addu'a, 'yan'uwa suna ta ce mana mu ƙara ba da gaskiya. Ya rasu. Tun daga nan in na durƙusa ban san wa nake yi wa magana ba. Ban daina zuwa sujada ba, amma wa'azin da yake ƙarfafa ni a dā, yanzu haushi yake ba ni. Na fāɗi daga bangaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwata, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya ba ku haƙurin wannan babban rashi.

A ganina ba ki fāɗi ba. Wanda ya bar bangaskiya ba ya damuwa da wa zai yi wa magana in ya durƙusa, don ba ya ma durƙusawa. Abin da ya rushe miki wata fahimta ce da ta ɗauki Allah kamar abokin ciniki: ni in kawo biyayya, shi ya biya ni da lafiya da tsaro. Wannan fahimta tana da tushe. Maimaitawar Shari'a sura 28 ta jera albarkun biyayya da la'anar rashin biyayya, littafin Karin Magana kuma ya sha faɗa cewa mai adalci zai ga alheri. Da wannan ake fara koya wa yaro, domin ya san aiki yana da sakamako. Wahalar tana zuwa ne in mutum ya girma yana zaton iyakar abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa ke nan.

Ki koma littafin Ayuba, ki karanta shi duka, kada ki tsaya a sura biyun farko da ta ƙarshe kamar yadda yawancin masu wa'azi suke yi. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, ba marasa bi ba ne. Mutane ne masu tsoron Allah da suka haddace koyarwar nan da kika tashi da ita, suka nace cewa tun da masifa ta sami Ayuba, dole akwai laifin da ya ɓoye. Ayuba ya ƙi yarda. Ya la'anci ranar haihuwarsa, ya ce Allah ya mai da shi abin bārata, ya nemi a ba shi zarafi ya kai ƙararsa. Da Allah ya yi magana daga cikin guguwa, daga sura 38 zuwa 41, bai gaya masa dalilin wahalarsa ba ko da kalma ɗaya. Amma a 42:7 fushinsa a kan abokan nan ya sauka, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ki duba da kyau: waɗanda suka tsaya kāre Allah da amsoshi shiryayyu su aka tsawata wa, wanda ya yi ta kuka da gardama shi aka ce ya yi musu addu'a. Ayuba da bakinsa ya ce dā labarin Allah yake ji da kunne, yanzu kuwa idonsa ya gan shi. Gani ya kori ji.

Yesu ma ya rushe wannan lissafi. A Yohanna sura 9 almajiransa sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Shi kansa Yesu ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahalar nan, aka bar shi ya sha. Wa zai ce bangaskiya ce ta gaza masa? Saboda haka maganar nan ta "ku ƙara ba da gaskiya", ko da niyya mai kyau aka faɗe ta, nauyi ce da aka ɗora muku ba bisa ƙa'ida ba. Ƙanenki bai mutu don addu'arki ta kasa ba. Ki ajiye wannan kaya tun yau.

Sauya fahimta game da Allah ba baƙon abu ba ne a hanyar bi. Bitrus ya yi shekaru yana bin Yesu, ya ga tashinsa daga matattu, ya yi wa'azi ranar Fentikos, duk da haka sai a gidan Karniliyus, wani jarumin sojan Roma da ba Bayahude ba, a Ayyukan Manzanni sura 10, ya ce yanzu ne ya gane Allah ba ya tara, wato ba ya nuna bambanci tsakanin mutane. Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya daɗe ba ya iya tunanin Allah sai a matsayin wani abu mai jiki da ya bazu ko'ina, kafin a yi masa baftisma a shekarar 387. Daga baya ya koyar cewa in har ka kewaye abu da hankalinka ka gama fahimtarsa, to ba Allah ba ne. Martin Luther kuwa, wanda ya jagoranci gyaran ikkilisiya daga baya, ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505 yana ganin Allah alƙali ne mai neman laifi, sai da ya yi shekaru yana fama da Romawa 1:17 kafin ya ga cewa adalcin Allah kyauta ce da ake karɓa ta bangaskiya. Abin da Bulus yake nufi ke nan a 1 Korintiyawa 13:11 da ya ce ya bar tunanin ƙuruciya da ya girma. A aya ta gaba ya yarda cewa har yanzu sani kaɗan ne yake da shi.

Sai dai in ja miki kunne, domin ba kowane sauyi ne girma ba. Akwai wanda yake fita daga wannan hali ya ƙera wa kansa wani Allah marar ƙarfi, mai tausayi kawai amma ba ya iya komai. Akwai mai ƙera wanda ba ya taɓa tsawata masa, duk abin da zuciyarsa ta so shi ma ya so. Waɗannan ma ƙananan alloli ne, har sun fi na farkon ƙanƙanta. Zabura 50:21 ta yi maganinsu inda Allah ya ce wa mugu, ka yi zaton ni kamarka nake. Ma'aunin da Kirista yake da shi Yesu ne, wanda Kolosiyawa 1:15 ta kira surar Allah marar ganuwa. Duk sabuwar fahimtar da ta zo miki, ki gwada ta da shi: wanda ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ya kuma kira shi ya fito, wanda ya gafarta wa mazinaciya, ya kuma ce kada ta ƙara. In fahimtar tana sa ki ƙara gaskiya a gaban Allah da ƙarin jinƙai ga masu wahala, kina kan hanya. In raina sauran masu bi take koya miki, ki yi hattara. Bangaskiyar da ta girma ita ce irin ta Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel 3, da suka ce wa sarki Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba.

Game da addu'a, kada ki tilasta wa kanki kalmomin da ba ki yarda da su ba yanzu. Ki ari na Zabura. Ta 13 ta fara da tambayar "har yaushe", ta 73 ta mutum ce da ya kusa zamewa don ya ga mugaye suna jin daɗi, ta 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare, ba ko ayar yabo a ƙarshenta, kuma aka bar ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ki karanta su da murya, a gaban Allah.

Haushin wa'azi kuma, ki bambanta iri biyu. Wani don zuciyarki tana ciwo ne, kowace magana tana sosa miki, wannan zai lafa. Wani kuwa don abin da ake faɗa ɗin bai cika gaskiya ba ne, kunnenki ya fara tantancewa. Ki ci gaba da zuwa sujada da cin Jibin Ubangiji, ki nemi wata dattijuwa mai bi wadda ita ma ta taɓa binne nata, ki riƙa zama da ita. In baƙin cikin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci ko aiki na tsawon lokaci, ki ga likita, ki kuma sanar da fastonki halin da kike ciki.