Kula da wutar sola a sansanin Gadabeji lokacin hunturu

Ɗana, ka ce za a tura ka riƙe wutar sola a sansanin masu binciken namun daji a Gadabeji, kana tsoron kada sanyi ya kashe maka batura. Sanyin can yana rage wa batir ƙarfi kaɗan da asuba, amma ba ya kashe shi. Ƙura ce za ta ba ka wahala.

Ka fara sanin wurin. Gandun dajin Gadabeji yana arewa da Dakoro a Nijar, an keɓe shi tun 1955, kuma a 2018 aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure, kusa da Yamai. Su da barewa ne masu binciken ke bi. Masu binciken suna fita bayan sallar asuba, su dawo da hantsi ya yi, su sake fita da la'asar. Aikinka yana bin wannan tsarin: kafin su tashi rediyo da na'urar GPS su kasance cike, da sun dawo kuma ka jona komai a caji tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 3, lokacin da farantin sola ke ba da wuta kai tsaye. Wanda ya bar cajin kwamfuta sai dare, daga cikin batir yake ci.

Faranti kuwa kullum ne, ba fashi. Da gari ya waye, tun gilashin na da sanyi, ka share shi da busasshen burushi mai laushi, sannan ka bi da tsumma mai ɗan danshi. Idan ka fara da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar ta zama laka, yashin cikinta ya kakkarce gilashin, kuma wannan karcewar ba ta gyaruwa. Kada ka watsa ruwa a faranti da tsakar rana, gilashi mai zafi yana iya tsagewa. Farantin ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 15; a Disamba rana tana sunkuyawa kudu sosai, in ƙafar tana motsi ka ƙara ɗaga shi kaɗan.

Batir mai volt 12 in ya cika ya huta, mitar auna wuta za ta nuna maka 12.6 zuwa 12.7. Ka auna da asuba kafin rana ta taɓa faranti, ka rubuta a littafi. Da ka ga 12.2, rabi ya tafi, a nan za ka tsaya. Batirin da ake yawan kwashewa ƙasa da haka ba ya daɗewa. Iskar hunturu busasshiya ce, don haka ka duba ruwansa duk mako, ka ƙara ruwan batir kawai, wato tataccen ruwa, ba asid ba. Ruwan rijiyar makiyaya yana da gishiri, yana lalata shi.

Ranar da hazo ya rufe, wani lokaci kwana uku ko huɗu a jere, rana ta koma kamar farin tire, nan ake gane ma'aikaci. Firij ne farko a rabon wuta, domin a cikinsa ake ajiye abin da suka ɗebo don gwaji, in ya lalace aikin watanni ya tafi. Sai rediyo, sai kwamfuta. Wayoyin hannu su ne ƙarshe, ko ta shugaban sansani ce, ka faɗa masa da ladabi tun ranar farko. Inbata kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ka kashe shi in ba a aiki da shi, yana shan wuta ko ba komai a jone.

Kyamarorin da ake ɗaure wa itace su ma za su dawo hannunka. Iska tana kaɗa busasshiyar ciyawa a gabansu, su yi ta ɗaukar hoton banza har kati ya cika, batura su mutu. A yanke ciyawar gaba, a juya idon kyamarar arewa don kada hasken fitowar rana ya ruɗe shi.

Ka nome ciyawa taku biyar kewaye da rumfar batura, gobarar daji a wannan lokaci gudu take da iska. Wayoyin wuta ka sa su cikin bututu saboda ɓera, kuma kafin ka zura hannu ƙarƙashin akwatin batir ka haska, kunama na son wurin. Fis, tef, ruwan batir da regilato (na'urar daidaita cajin batir) na ajiya duk ka saye su nan Maradi kafin mota ta tashi.