Tambaya da Amsa: Wai shigar mata ce ke jawo fyaɗe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki raba mu gardama. A layinmu an kama wani magidanci ya lalata yarinya 'yar shekara 7 mai tallan gyaɗa, tun ranar muke ta musu da yayana, shi ya kafe wai shigar banza da mata ke yi ce ta jawo duk wannan masifar, ni kuma nace kawai a dandaƙe su kowa ya huta. Yanzu kuma dattawan unguwa sun shigo maganar wai a yi sulhu a rufa asiri. Ya kike gani? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi tunda na karanta saƙonki yarinyar nan take raina.

Ki tambayar min yayan naki, 'yar shekara 7 da farantin gyaɗa a ka wace shiga ta yi? A 2020 'yan sanda sun kama wani a Kwanar Ɗangora ta jihar Kano bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe, har da tsohuwa mai shekara 80, gidajensu yake shiga ya same su. Ita ma shigar ce? Kuma ya buɗe Suratun Nur ya gani, aya ta 30 maza aka fara umarta su runtse ido kafin a zo kan mata a aya ta 31. Ban ce ƙwaya da bidiyon batsa na waya ba sa ƙara rura wutar ba, haka tura yara talla har bayan isha'i, amma ni dai a ganina babban abin da ke ba mugu ƙarfin hali shi ne ya san ko an kama shi maganar a zaure za ta ƙare, a ba uban yarinya haƙuri da ɗan kuɗin magani, a ce kar a ɓata mata suna ta rasa mijin aure, shi kuwa gobe da asuba yana sahun gaba.

Maganar dandaƙa, ai dokar tana nan a jiharku. A watan Satumba na 2020 gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa mata hannu, wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe dandaƙa ce da kisa, in ta haura haka dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Ban ga laifinki ba da zuciyarki ta tafasa, nima uwa ce. Sai dai abin da ke damuna, galibi mai laifin ba baƙo ba ne, maƙwabci ne ko kawu ko mai shagon bakin layi, toh in dangi suka ji kisa ne a gaba sai su ƙara danne maganar, alƙali kuwa ba zai hukunta wanda ba a kawo gabansa ba, kuma ba ya hukunci sai da hujja.

Dan haka ki bar musu da yayanki haka nan, ki je wurin mahaifiyar yarinyar yau ɗin nan. A kai yarinyar cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin Gambo Sawaba a Zariya, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, in ma lokacin ya wuce a je dai, akwai sauran gwaje-gwaje kuma rahoton likita shi ne hujja a kotu. Kayan da ke jikinta ranar kar a wanke, a naɗe su a takarda ba leda ba. A kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma dan Allah kar kowa ya daki yarinyar ko ya ce mata me ya kai ki. In dattawan suka dawo da maganar sulhu, uwar ta ce musu magana ta riga ta je hannun hukuma, ke kuma ki raka ta ranar zaman kotu kar ta tsaya ita kaɗai.