Kada a taɓa gonar fadama tukuna

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Saƙonka ya iso ni ina kan aikin dare, na saurare shi sau biyu a motar komawa gida. Ka ce tun da ka fara koyar da yara a majami'ar ƙauyenmu kake jin kira, kana so ka zo Birtaniya ka yi digirin farko a tauhidi, babanka kuma ya yarda a sayar da gonar fadama da shanun huɗa biyu. Har wani mutum a Kano ya ce a ba shi kuɗi zai haɗa maka takardu. Na sa amsar a fili ne saboda samari uku daga wajen Sumaila da Tudun Wada sun yi mini irin tambayar bana.

Bari in fara da kuɗi, mu wuce wurin da wuri. A yawancin jami'o'in nan, ɗalibin da ya zo daga waje yana biyan fam 15,000 ko fiye a shekara, ban da ɗaki da abinci. Digirin shekara 3 ne a Ingila, a nan Sukotland kuwa shekara 4. Kafin biza sai ka nuna kuɗin makaranta da na zaman wata 9 sun kwana 28 a asusu, ka biya kuɗin asibiti na duk shekarun gaba ɗaya, a kuma gwada ka tarin fuka. Aiki awa 20 kawai aka yarda ka yi a mako lokacin karatu. Ka buga lissafin da naira da kanka. Fadamar da shanun, ko an haɗa da akuyoyin innarka, ba za su kai ka ƙarshen shekarar farko ba. Tallafin da kake ji, irin su Chevening, na digiri na biyu ne. Na Langham da John Stott ya kafa, na masu neman digirin dakta ne. Mutumin Kano kuwa, kada a ba shi ko sisi.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Kana tsammanin tauhidin jami'ar nan makarantar Littafi Mai Tsarki ce irin ta Tofa, an dai ƙara mata dusar ƙanƙara. Ba haka ba ne. Ba a buɗe aji da addu'a. A gefenka akwai wanda bai yarda akwai Allah ba, ga 'yar Musulmi, ga tsohuwa da ta yi ritaya ta zo rage lokaci. A shekarar farko za a ce maka yawancin masana na ganin Markus aka fara rubutawa, Matiyu da Luka suka ɗiba daga gare shi. Za a ce Ishaya daga sura 40 wata murya ce ta zamanin bauta a Babila. Littattafan Musa biyar ma za a warware maka su zare zare. Ba don a raba ka da bangaskiya ake yi ba, amma ba aikin malamin ba ne ya riƙe maka ita. Rubutuna na farko, na zuba ayoyi na rufe da kira ga tuba, ina jin na burge. Malamin ya dawo mini da shi, ya ce wa'azin ya yi kyau, yanzu ina hujjar? Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ni fa na zo da shekaru, na riga na yi wa ikkilisiya hidima, ina da abin jingina. Kai shekararka 19, kuma a nan babu dattijon da zai kira ka gindin darbejiya bayan sujada ya ce zo mu yi magana.

Ban ce ka guji waɗannan tambayoyi ba. Fasto da bai taɓa karo da su ba, ranar da ɗan jami'a ya jefo masa ɗaya sai ya kama faɗa. Ina so ne ka gamu da su a wurin da malamin da ya tayar maka da hankali da safe, shi ne zai zauna kusa da kai a sujadar yamma. Akwai irin wurin nan a gida. Makarantar tauhidi ta JETS a Jos, wadda ikkilisiyar ECWA ta buɗe a 1980. Kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru. Ga ta Kagoro. Biyun farko suna da alaƙa da Jami'ar Jos. Daga Kwanar Dangora ka hau mota da safe, kafin la'asar kana Jos, da damina kuma ka dawo ka kama wa babanka noma. Byang Kato, masanin tauhidi ɗan Kwoi, a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja ya fara kafin ya je Dallas a Amurka, bai hana shi zama muryar da Afirka duka ta saurara ba kafin rasuwarsa a 1975.

In ka shiga, ka riƙe harsuna biyu kamar ranka: Helenanci na Sabon Alkawari da Ibrananci na Tsohon. Su ne ake dubawa in ka nemi digiri na biyu a nan. Kuma kana da gata da Bature ba shi da shi. Ibrananci haruffa 22 ne, daga dama ake rubuta shi zuwa hagu kamar allon abokanka na tsangaya. Ranar da na ga ruwah na ce ai ruhu ne, nabi annabi, mal'ak mala'ika, shalom salama, 'yan ajinmu na ta haddar kati ni ina dariya a ciki. Larabcin da ya shiga Hausa ɗan'uwan Ibrananci ne.

Wani abu kuma, wanda sai da na ƙetare teku na gane. A nan Edinbara akwai cibiyar nazarin Kiristancin duniya da marigayi Andrew Walls ya kafa, kuma abin da suke ƙishirwa a kai shi ne wanda muka raina. Yaya kakanninmu Maguzawa suka ji bishara? Me ya faru da aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, mu da maƙwabtanmu Musulmi muna kiran Allah da suna ɗaya, muna cewa zunubi da tuba da aljanna, amma ba lallai abu ɗaya muke nufi ba? Me ya sa waƙoƙin zumuntar mata suka fi wa'azin fasto zama a ka? Wanda ya zo da wannan a hannu, da shekara huɗu na karatu da 'yan shekaru na kiwon ikkilisiya, shi ake nema da tallafi. Tsofaffin da suka ga Turawan mishan da idonsu suna ƙarewa. Ka fara ɗaukar muryarsu a wayarka tun yanzu, ka fara da kakarka.

Ka turo mini hoton sakamakon WAEC ɗinka in ga ko kiredit biyar ɗin sun cika har da Turanci. Ka je wurin fasto da dattawa su rubuta maka takardar shaida, don makarantun nan suna neman ta. Kuɗin takardar neman shiga da na mota zuwa Jos ni zan biya. Babanka zan kira shi ranar Lahadi bayan sujada, maganar fadama tsakanina da shi ce. Ka gaishe da innarka, ka ce mata daddawar da ta aiko ta ƙare tun Ista.